Shagon littattafan adabi na bayan Tsohuwar Kasuwa a Gusau: a sayi littafin, a yi hattara da sharhin

A ɗaya daga cikin layukan da ke bayan Tsohuwar Kasuwa a Gusau akwai wani shagon littattafai wanda ko allon suna ba shi da shi, amma da wuya a sami ɗalibin Hausa a garin da bai san ƙofarsa ba. 'Yan sakandare masu shirin WAEC da NECO nan suke zuwa, haka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da na Kwalejin Ilimi ta Maru idan sun shigo gari. Ɗaki ɗaya ne, kanta uku, benci a ƙofa, injin fotokwafi a kusurwa. Abu huɗu ake yi a ciki: sayar da littafi, ba da hayarsa, ɗinke wanda ya yage, sai kuma wasu 'yan takardun sharhi da shagon ke bugawa da kansa, waɗanda yake haɗa wa ɗalibi da littafin a leda ɗaya. Ukun farko sun cancanci yabo. Na huɗun ne ya fi fita, shi ne kuma ya fi yi wa ɗalibi ɓarna, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Kantar dama ita ce ƙarfin shagon. Nan ake ajiye bugun NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, kuma littattafai biyar ɗin nan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East duk ana samunsu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Magana Jari Ce na nan da juzu'insa uku. Abin da ya fi daɗi shi ne mai shagon bai manta da na gida ba. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Talatar Mafara, yana nan. Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, tana nan. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, kuma marubuciyarsa ta daɗe tana zaune a nan Gusau, ba a rasa shi. Kantar tsakiya ta littattafan zamani ce, irin waɗanda aka fi bugawa a Kano tun daga shekarun 1980. Ta hagu kuwa ta Turanci ce da littattafan nazari.

Mai shagon dattijo ne, kuma ba ya sayar da kwafi da sunan asali. Yarinya ta shigo da kayan makaranta ta ce, "Baba, Ruwan Bagaja nika so." Sai ya zaro guda biyu ya shimfiɗa mata a kan kanta: "Wanga na Zariya na, wanga ko kwafi na. In kuɗinki sun kai, ɗauki na Zariya, ɗiyata." Wannan gaskiyar ita ta riƙe masa masu saye. Amma duk da haka mai saye ya san abin da zai duba da kansa, domin kwafin iri biyu ne, kuma kowane da irin cutarsa.

Akwai na fotokwafi, wanda aka kifa littafin asali a kan inji aka ɗauka. Shi rubutunsa daidai ne, sai dai wajen da shafi ya lanƙwasa kusa da ɗinki yakan fito da baƙar inuwa ta cinye haruffan ƙarshen layi. Da yake shafi biyu ake ɗauka a lokaci guda, in mai aikin ya tsallake, shafi biyu ne ke ɓacewa tare. Tawadarsa kuma hoda ce da zafi ya manna, don haka in aka bar shi cikin bangon leda a zafin Maris da Afrilu, sai shafin farko ya manne da ledar, rubutun ya tashi. Hotunan da ke cikin Magana Jari Ce a irin wannan kwafin dunƙulen baƙi kawai suke zama. Ɗaya irin ya fi haɗari, shi ne wanda aka sake bugawa a kwamfuta. Ya fi kyan gani, fari tas, amma mai bugun ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai ƙarya ta koma karya, baƙi ya koma baki, ɓari ya koma bari, ɗiya ta koma diya. Ɗalibin da ya yi wata uku yana karanta wannan, haka zai rubuta a jarrabawa, alhali ƙa'idar rubutu na da makinta. Gwajin ba shi da wuya: in Ruwan Bagaja ne, a buɗe a nemi sunan Malam Zurƙe, ɗaya daga cikin mutanen labarin. In ƙugiyar ba ta nan, a mayar.

Na asalin ma a duba shi. Maɗaba'a takan buga shafi 16 a kan babbar takarda ɗaya, a naɗe, a jera, sannan a ɗinke. In an yi kuskure wajen jerawa, ƙunshi guda ne ke faɗuwa ko ya maimaitu. Saboda haka wuraren dubawa su ne inda 16 ke haɗuwa da 17, da 32 da 33, da 48 da 49. Minti ɗaya ya isa.

To, ga sharhin. Kowane ɗaya takardar A4 ce aka naɗe biyu aka danne da ƙusar sitefila biyu, shafi 24 zuwa 32. Tsarinsu ɗaya: tarihin marubuci, taƙaita labari babi-babi, jigo, taurari (wato mutanen cikin labari), salo da adon harshe, sai tambayoyin gwaji. Sashen tarihi da na taƙaitawa ba su da laifi. Sunaye daidai, jerin aukuwar abubuwa daidai, kuma ga wanda ya riga ya karanta littafin suna taimaka masa ya tuna wane gari aka je kafin wane. Daga inda aka rubuta "Jigo" ne tafiya ke karkacewa.

A kusan kowane sharhi jigon kalma ɗaya ce ko biyu: nishaɗi, faɗakarwa, wa'azi, soyayya. Kalmar faɗakarwa an liƙa ta a kan littattafai da yawa har ta daina nuna komai, domin babu littafin Hausa da ba za a ce yana faɗakarwa ba. Ruwan Bagaja an ba shi "nishaɗi da jarunta". Gaskiya ne akwai ban dariya, amma ba dariya ce ta fitar da tauraron littafin, Alhaji Imam, daga gida ba. An wulakanta Liman a gaban fada saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, shi kuma yaron ya fita don ya tabbatar da maganar wanda ya rene shi. Mutunci ne aka zubar ake neman a kwaso, kuma ruwan da ake nema maganin abu biyu ne, ciwon ɗan sarki da kunyar Liman. Wanda bai ga wannan ba, zai ɗauki littafin tarin barkwanci ne da aka jera ba dalili, ya kasa bayyana abin da ya sa labarin ya koma inda ya fara.

Shaihu Umar an rubuta masa "bauta" aka wuce. Bauta ita ce filin da labarin ke gudana, amma me littafin ya ce a kanta? Umar ne ke ba ɗalibansa labarin da bakinsa bayan ya zama babban malami, cikin natsuwar wanda ya karɓi ƙaddara, kuma shi a hannun Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi, ɗa ya zama, ya sami karatu. Wadda bautar ta ci da gaske uwarsa ce, wadda ta fita nemansa da 'yancinta aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada, ba ta sake ganinsa ba sai dab da mutuwarta. Hanya ɗaya ce ta ɗauki uwa da ɗa, ta ɗaukaka ɗaya ta hallaka ɗaya. Nan zafin littafin yake. Sharhin layi biyu ya ba wannan baiwar Allah, a ƙarƙashin "ƙananan taurari", tare da fataken ayari. Wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne ga littafin.

Dalilin wannan kuskure a fili yake. Mai rubuta sharhin ya gauraya abu uku da masana suka raba: abin da labari ya ƙunsa, da jigonsa, da darasin da mai karatu zai iya cirewa. Ga shi kuwa littattafan da suka yi wannan bayani suna kantar hagu a shagon, taku biyu daga injin fotokwafin. A nazarin Hausa ba a tsayawa ga ambaton jigo. Ana neman furucinsa, wato inda marubuci ya fito da shi a fili, sannan a gajarce shi, sannan a warware shi da hujjoji daga cikin matani. Makin mai yawa a warwarar yake. Ɗalibin da ya haddace "faɗakarwa" ya sami abin rubutawa a layi ɗaya, sauran shafin kuma sai shaci-faɗi.

Sashen taurari layi biyu aka ja: na kirki a dama, miyagu a hagu. Wannan rabon ya yi wa tatsuniya daidai, bai yi wa waɗannan littattafai ba. Malam Zurƙe an sa shi a hagu, Alhaji Imam a dama, alhali duk wanda ya karanta ya san damfarar da Alhaji ya yi wa Zurƙe ba ta gaza wadda Zurƙe ya yi masa ba. Kar ta san kar ne. Su biyun madubin juna ne, suna rabuwa a wannan gari su haɗu a wancan, kuma wanda ya yi karatun zaure ya kai ga Maƙamatul Hariri zai gane wannan zubin nan take, domin haka mai ba da labari da Abu Zaid suke ta karo da juna gari-gari. Ta bakin waɗannan biyun ne Abubakar Imam ya yi wa malaman tsibbu da alƙalai da masu saurin yarda hannunka mai sanda. In aka ce ɗaya nagari ne ɗaya mugu, wannan duk ya zube.

Jiki Magayi ya fi shan wahala a wannan rabo. Abubakar shi aka zalunta da farko, Malam Shehu ya sa dukiya ya raba shi da Zainabu. Amma Abubakar ɗin ne ya ƙare rayuwarsa yana yawon neman asirin da zai lalata ɗan Malam Shehu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. A wane layi za a sa shi? Irinsa ne ake kira tauraro mai gammo, wanda halinsa ke juyawa da tafiyar labari, saɓanin miƙaƙƙen tauraro da ke fita yadda ya shigo. Sharhin bai san wannan bambanci ba. Bai kuma lura da sunan yaron ba: Kyauta. Ɗan da aka daɗe ana jira, aka karɓe shi a matsayin kyautar Allah, shi ya zama ɓarawo, kuma ta hannunsa ajalin ubansa ya zo. Marubutan Hausa sukan ɓoye rabin maganarsu a cikin suna, kuma tambayar farko da ya kamata a koya wa ɗalibi ita ce me ya sa aka raɗa wa wannan tauraro wannan suna.

Na zamani ma haka. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, sharhin ya ce Rabi "mace ce mai haƙuri", ya rufe. Rabi da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ba zama ta yi tana kuka ba. Sana'ar abinci ta kama, ta riƙe gida, ta aurar da 'ya. Tukunyar da take dafawa a gidan miji ba a gode mata, ita ce ta zama jarinta a waje. Kuma komawarta gidan Alhaji Abdu bayan gobara ta cinye shagonsa, wadda sharhin ya kira kyakkyawan ƙarshe, ita ce wurin da masu karatu suka fi saɓani, domin matsa mata aka yi. Ɗalibar da za ta iya kawo hujjar ɓangarorin biyu ta fahimci littafin. Wadda aka ba ta kalmar haƙuri kawai, an rufe mata ƙofar tunani.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne alamtarwa. A ƙarshen kowane sharhi akwai shafi guda, iri ɗaya a dukkansu, mai jera ma'anonin alamomi: kurciya zaman lafiya, mujiya hikima, ja soyayya ko haɗari, fari tsarki. Daga gani an san daga wani jadawalin Turawa aka kwaso shi aka mayar da Hausa. A ƙasar Hausa in aka ce an yi wa mutum kurciya, asiri aka yi masa ya bar gari ya shiga duniya, ba ya waiwayen gida. Ɗalibin da ya ci karo da kurciya a labarin kishiyoyi ya rubuta zaman lafiya, ya juya labarin a bai-bai. Mujiya kuwa da ita ake misalin baƙin jini, ba mai son ta sauka a kan katangarsa. Ja a bakin Bahaushe ƙarfi ne da tauri: jan hali, jan gwarzo, jan aiki, jan wuya. Fari na da farin jini da farar aniya, amma yana da farar ƙafa, wadda ba yabo ba ce ko kaɗan. Alama ba ta da ma'ana ɗaya da za a ɗauka daga wata ƙasa a dasa a wata. Al'umma ke ba ta ma'ana, sannan marubuci ya ƙara mata ko ya murɗe ta a cikin littafinsa.

Abin takaicin shi ne alamomin da ke gaban ido an tsallake su. Akun Magana Jari Ce an rubuta shi a jerin taurari a matsayin "tsuntsu mai ba da labari". Tsuntsu ne da ba shi da takobi, ba shi da dangi a fada, sayo shi aka yi. Da harshe kaɗai ya tsare Musa ɗan sarki a gida dare bayan dare har makircin Waziri ya wargaje, da harshe ya kai ga sarautar waziri, sannan a juzu'i na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Sunan littafin ne aka sa wa fuka-fuki. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ma sunansa ya gama bayani ga wanda ya san ana yi wa rogo kallon kitse: birni ne da ke ƙyalli daga ƙauye, sai an gatsa a ji ba maiƙo. Ɗan Zamfara da ya ga samarin ƙauyensu suna tafiya ci-rani suna dawowa yadda suke dawowa, ba ya buƙatar jadawali kafin ya gane wannan.

Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell a 1975, ya isa a yi darasi guda a kansa, sharhin kuma bai taɓa wurin ba. Mai karatu a Ingila yana fara littafin ne yana ganin aladu a matsayin dabbobi masu wayo, sai a hankali yake gane sun ci amana. Bahaushe Musulmi kuwa tun shafin farko ya ƙyamaci alade, don haka bai taɓa yarda da Maitumbi, shugaban aladun, ba balle ya ji zafin cin amanar a inda marubucin ya so a ji shi. Tausayinsa gaba ɗaya yana wajen Akawal, dokin da ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Dabbobin ba su sauya ba, amma nauyin labarin ya koma wani gefe saboda mai karatu ya sauya. Wannan ita ce irin maganar da ke sa ɗalibi ya san alama aiki take yi, ba ado ba ce.

Akwai sharhi ɗaya da ya fi sauran, na Things Fall Apart, littafin Chinua Achebe na 1958, wanda aka yi bayaninsa da Hausa don masu ɗaukar adabin Turanci. Ya kawo doya a matsayin ma'aunin mazantaka, ya kawo tsoron da Okonkwo ke yi kada ya zama kamar ubansa Unoka, ya kawo fari da suka sauka a matsayin ishara ga zuwan Turawa. Daidai ne duka, kuma dalilin bai ɓuya ba: a nan akwai bayanan Turanci masu yawa da za a kwafa. Ko a nan ɗin an bar abin da ɗan Gusau zai fi kowa ganewa. Mutanen Umuofia murna suka yi da farin, suka kama suka ci, kamar yadda ake soya fara a nan a barbaɗa yaji. Abin da ya zo kamar abinci ne ya zama abin da ya karya rassa. Da an faɗi wannan, alamar ta zauna a kan yaro har abada.

Sharhin waƙoƙin baka na da tasa matsalar, kuma a Zamfara ba ta da uzuri. An ɗauko ɗiya, wato baitoci, na waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru an "gyara" musu Hausa zuwa daidaitacciya. Inda makaɗi ya ce ɗiyan sarki an mayar 'ya'yan sarki, wagga ta koma wannan, hwaɗa ta koma faɗa. Gaɓar farko ta ɗiya gajera ce, ta 'ya'ya doguwa, don haka layin ya daina hawa kiɗan da aka yi shi a kai. Ɗalibin da ya tashi yana jin waɗannan waƙoƙi a rediyon gidansu, an ba shi takarda da ke nuna masa harshen uwarsa kuskure ne. Sannan duk inda aka kira sarki giwa ko zaki ko gamji, sharhin "kamantawa" yake cewa. Kamantawa sai da kalmar da ke auna abu biyu, irin kamar, ko tamkar, ko ya fi. In aka ce sarki giwa ne kai tsaye, siffantawa ce. In aka ba shi haure da tafiyar giwa, an shiga dabbantarwa. In kuwa ba a ambaci sarkin ba sam, aka bar giwar ita kaɗai ta tsaya a madadinsa, mai sauraro ya gane da kansa, wannan ce alamtarwa. Ana tambayar wannan bambanci a jarrabawa. Haka kuma a waƙar baka turke ake cewa maimakon jigo, da tubalan da aka gina shi da su, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Littafin ɗan garin ne, yana kuma cikin shagon, amma sharhin bai san da kalmar ba.

Wanda ya riga ya sayi ledar, ga yadda zai ci moriyarta. Ya cire sharhin ya ajiye, ya karanta littafin sau ɗaya a miƙe ba tare da alƙalami ba. A karatu na biyu ya ɗauki fensir da falle ɗaya, ya raba shi gida uku: abin da babban tauraro ke nema, abin da ya tare masa hanya, da abin da ya rasa kafin ya samu ko ya kasa samu. Kowane abu da lambar shafinsa. Daga gida na uku jigo ya fi fitowa, kuma a rubuta shi cikakkiyar jimla mai aikatau, ba kalma ɗaya ba. "Ramuwa" ba ta isa ba. "Ramuwar gayya takan ci mai yin ta tare da wanda aka yi dominsa" ta ba ɗalibi abin da zai kare da hujja. Wajen alama kuwa, kada ya ɗauki kowace bishiya da kowane tsuntsu a matsayin ishara, wannan ma wata cutar ce. Ya gwada abin da tambaya uku. Ya dawo aƙalla sau uku? Yana fitowa a inda labari ke juyawa? In aka cire shi aka sa wani abu a gurbinsa, ma'ana za ta ragu? In aka sa rago a gurbin aku, Magana Jari Ce ya rushe, to aku alama ne. Bayan an gama wannan ne za a buɗe sharhin, a duba sunan gari ko na tauraron da ya shige, da tarihin marubuci. Shafin ma'anonin alamomi kuwa a yage shi.

Hayar littafi tana tafiya da tsari. Ana ajiye kuɗin jingina daidai da kuɗin littafin, a rubuta suna a rajista, kwana uku ga kowane juzu'i. Matsalar da aka fi samu ita ce littattafan zamani masu juzu'i uku ko huɗu: na ɗaya da na biyu suna nan, na ƙarshe yana hannun wata a Tudun Wada ko Samaru. Mai son ya yi nazari ya karɓe su gaba ɗaya ko ya jira su taru, domin ba a yanke hukunci a kan tauraro da rabin labari. Amfanin wannan kanta ya wuce nishaɗi. Yawancin masu karatu sun koma waya, amma littattafan shekarun 1990 da ɗaliban jami'a ke nema don kundin kammala karatu, sau da yawa a irin wannan kantar kaɗai ake samunsu cikakku da bangonsu da shekarar bugu, abin da kwafin da ke yawo a WhatsApp ba ya ɗauke da shi.

Ɗinkin da suke yi mai kyau ne. Ana cire tsatsattun ƙusoshi, a huda gindin littafin wuri biyar, a ɗinke da zare mai kauri, a shafa farin gam, a sa bangon kwali, a danne da nauyi ya kwana. Ya fi gam ɗin zafi da ake yi wa kwafi, wanda ke tsagewa da hunturu shafuka su riƙa zubowa ɗaya-ɗaya. Sai dai a ce musu kada su datse gefe. Yaron shagon yakan sa wuƙa ya daidaita baki don ya yi kyau, kuma a tsofaffin bugu masu ƙaramin gefe wuƙar takan tafi da lambar shafi. Littattafan da ke layin ƙasa na kantar hagu, wadda ta jingina da bango, suna shan danshi a watan Agusta. A shinshina, a duba rawayan tabo da hanyar gara kafin a biya.

Malamin da zai yi wa aji oda ya zo da jerin littattafan shekarar da ake ciki, domin hukumomin jarrabawa suna sauya su bayan 'yan shekaru, kuma akwai ragowar tsohon jeri a shagon da har yanzu ake haɗawa da sharhinsu. A rubuta sunan littafi da na marubuci da na kamfanin da ya buga, a kuma faɗa a fili cewa na asali ake so, ba tare da sharhi ba, sai a cire kuɗinsa daga lissafi. Kayan Zariya da na Kano ta hanyar Funtuwa suke zuwa a motar haya, don haka a ba da mako guda. Idan sun iso a ƙirga su a kan kanta, a duba mahaɗar shafukan nan uku a kowane ɗaya kafin a ɗaure kwali. Mai shagon yana musanya wanda aka samu da naƙasa, muddin ba a rubuta suna ko an buga hatimin makaranta a ciki ba.